Ustaza Hajara a Kujerar Ɗalibi

Wannan watan aka cika shekara tara da rasuwar yayata, Ustaza Hajara. Ni ne autan ɗakinmu, manomi mai hawasha, wato gonar ban ruwa, a wani ƙauyen Hausawa na Sudan tsakanin Madani da Sinnar, kuma ban taɓa riƙe alli ba. Mai karatu zai ce me ya haɗa manomin auduga da maganar horar da malamai. To, zama da maɗaukin kanwa ne ya jawo mini farin kai.

Yaya ta fito ne daga ma'ahad, makarantar horar da malamai irin ta da, inda ake koya wa mutum tsayuwa gaban aji, rubutun allo, har da raba faɗan yara. Bayan ta jima tana koyarwa aka mayar da ita can tana horar da wasu. Ana cikin haka gwamnati ta ba da aronta ga ƙasar Yaman, kamar yadda ake yi da malamanmu a lokacin. Mace ba ta tafiya sai da muharrami, mijinta kuma ba zai iya barin shagonsa ba, sai aka tsamo ni daga gona. Aikina a wancan ƙauye na kan dutse bai wuce cefane da zama gindin katangar makaranta ba. Har gobe abokaina suna tsokanata cewa ni kaɗai ne na je ƙasar waje aikin zama.

Amma mai zama ma yana gani. A makarantar akwai malaman Masar, akwai namu, akwai samarin garin da ake koya wa aikin, kuma kowa ya rantse tsarin ƙasarsu ne daidai. Yaya ba ta shiga musun. Ta karɓi tsara darasi daga mutanen Masar, ta karɓi haƙuri daga 'yan garin, ta haɗa da nata. Takan ce kowace ƙasa ta san rabin yadda ake yin malami, sauran rabin yana hannun maƙwabciyarta.

Ba mu daɗe da dawowa ba kiɗa ya canza. Aka mayar da horar da malamai jami'a, aka ce wanda ba shi da digiri ba zai ƙara horar da kowa ba. Aka maido Yaya ajin yara a ƙauyenmu. Yaran ba su dame ta ba, tana son su. Abin da ke ci mata rai shi ne ta ga sabon malami ya zo da takardarsa, ya san lissafi fiye da ita, wannan da bakinta take faɗa, amma aji ya gagare shi, ita kuma ba ta da hurumin zama a baya ta gyara masa. Wani ɗan baffanmu mai koyarwa a Kano ya zo ziyara, ya ce su ma an rufe irin waɗannan makarantu an ɗaga matakin shiga aikin. Daga nan ta daina jiran a maido da tsarin da, don ta gane iskar ba a Sudan kaɗai take kaɗawa ba.

Hanya ɗaya ta rage mata, ta shiga jami'a ta yi digirin. A lokacin ta haura hamsin. Gidan duka muka ce ta haƙura. Za ta zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta, wataƙila ma wanda ta horar ne zai tsaya a kanta, kuma kafin ta gama ritaya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ni aka wakilta in faɗa mata, tunda an san ba ta iya yi mini dogon fushi. Ta bari na gama tsaf, ta zuba mini shayi, sannan ta ce:

"Auta, kai manomi na. In ruwan ƙarshe ya taho daga madatsar Makwar, kana toshe tur'ar da ke kai shi gona don auduga ta kusa tsinka?"

Na ce a'a, wannan ruwan ne ke cika ƙwallon. Ta ce to in sha shayina.

Haka ta riƙa ɗaura tob ɗinta fari, lulluɓin matan Sudan, tana bin motar Madani. Abin da muka ji mata tsoro kuwa ya faru, ɗaya daga cikin masu koyar da su ɗalibinta ne na ma'ahad. Duk lokacin da ta shigo sai ya miƙe tsaye, har ta ja shi gefe ta ce in ya ƙara za ta kai ƙararsa wajen uwarsa. Wannan ya zama abin dariya a gida. Wanda bai zama abin dariya ba shi ne darasin Turanci, don Turancinta bai taka kara ya karya ba.

Wata rana da la'asar na same ta zaune a tsakar gida ko tob ba ta cire ba. Ta ce tun safe take kallon bakin malamin Turanci yana motsi. Ya jefo mata tambaya, ta san amsar sarai, tana cikin haɗa kalmomin ya wuce ga na kusa da ita. Na yi zaton za ta ce ta bari, har na fara shirya kalaman lallashi. Sai ta ce:

"Haka ɗiyanmu ka ji a aji ɗaya, ranar da anka fara yi musu Larabci. Ni ma haka na shiga makaranta, amma na manta. Allah kaɗai ya san yara nawa na wuce kafin su buɗe baki."

Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba, ban kuma taɓa ganin ta kama littafi kamar bayan ranar ba. Ta ci Turancin da ƙyar, ta karɓi digirinta, aka ba ta duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Abin da ya rage mata kafin ritaya ɗan kaɗan ne, kamar yadda muka faɗa.

A wannan ɗan lokaci ta fito da wata ɗabi'a da ba ta cikin manhajar kowa. Ranar farko da sababbin ɗalibai, waɗanda yawancinsu ba su jin Hausa, sai ta shiga ta yi musu darasi guda da Hausa zalla a kan shukar gyaɗa. Ta nuna mutum da yatsa ta yi tambaya, kafin ya motsa ta haɗe rai ta wuce. Wata yarinya 'yar garin Rufa'a mai suna Ihlas ta taɓa miƙewa cikin fushi ta ce wannan wulaƙanci ne. Yaya ta juya harshe zuwa Larabci ta ce gaskiyarta, amma ita darasi ɗaya ta sha, yaron ƙauye kuwa shekara yake yi a haka. Abin da ta roƙe su guda ne, in sun tambayi yaro ya yi shiru, su jira. Jiki magayi, ba ta taɓa buƙatar maimaita wannan darasi ga aji ɗaya ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da yau. An sake juya matakan karatu, makarantar tsakiya da aka cire an maido ta. Ana yi wa malamai bita ta waya. Wani jikan yayanmu da ke Maraɗi ya ce a can akwai makarantun da ake fara wa yara da Hausa kafin Faransanci, mu kuwa a nan jikokinmu Larabcinsu ya fi Hausarsu, har sukan gyara mini magana. Tashin hankalin da ya rufe makarantu ya watsa malamai, wasu Masar, wasu inda ba mu sani ba. Na tabbata ba za ta ce tsarin da ya fi ba, don ta sha faɗin cewa malamin da bai san abin da yake koyarwa ba haƙurinsa bai amfani kowa. Ina jin tambaya ɗaya za ta yi wa kowane mai tsari, na nan ko na wata ƙasa: kafin ku sallami malami, ya tsaya gaban yara na gaske da wani babba zaune a baya?

Ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba, ban kuma ji haushi ba. Da aka sake buɗe makarantarmu, cikin malaman da suka dawo har da Ustaza Ihlas, yanzu ita ma da furfurarta. Ita ke koyar da jikata Hawwa, yarinyar da ko a gida sai an yi da gaske ake jin muryarta. Kwanan baya Hawwa ta dawo tana tsalle, ta ce yau ta amsa tambaya a aji. Na ce ita da ba ta magana, yaya aka yi?

"Kaka, na daɗe ban ce komai ba, amma Ustaza ba ta tafi ba. Tsayawa ta yi."

Hawwa ba ta san Yaya ba, an haife ta bayan rasuwarta. Na ce ta wanke hannu ta zo mu ci kisra, wainar dawarmu ta nan, ni kuma na fita waje na ɗan jima kafin in dawo. Allah ya jiƙan Hajara, ya sa ta huta.