Jar Fitilar Motar Kawu Idi

A gidanmu na Haɗeja ba don sanyi ake hura wuta a tsakar gida ba, don sauro ake hura ta. Da an idar da sallar isha'i, kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, sai ta zuba ƙaiƙayin shinkafa a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe, mu jikokinta mu kewaye ta muna murza ido. Tatsuniyoyinta da yawa na ban dariya ne. Amma akwai labari ɗaya da ba ta taɓa shi sai damina ta yi nisa, kogi ya cika ya malale fadama, kwaɗi sun hana kowa jin maganar ɗan uwansa. Shi wannan ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya. Sai dai ta gyara itace ta ce, "Ku matso, yau na kawunku Idi ne."

Kawu Idi shi ne autanta. Ina ƙarami ƙwarai muka rasa shi, abin da na riƙe nasa bai wuce ƙarnin kifi da warin fetur a rigarsa ba. Yana da tsohuwar a-kori-kura da ya sayo a Kano, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, masu hali suna sayen sababbin motoci suna sakin tsofaffi. Da ita yake ɗauko bandar kifi daga Baturiya zuwa kasuwar Haɗeja.

"Motar nan tana da ido," in ji Iya, "ɗaya tak, ja, a gaban sitiyari. A cikin gari a rufe yake. Sai kawunku ya yi nisa cikin fadama, ba gida gaba ba gida baya, sai ya buɗe ya zuba masa kallo."

Fitilar da ke nuna batir ba ya caji take nufi, amma a lokacin ba mu sani ba. Ta ce idon yakan buɗe ya rufe, ya sake buɗewa, in ya daɗe a buɗe sai fitilun gaba su yi ta dusashewa. Washegari kuma sai da turi motar za ta tashi.

Ya kai ta wurin Malam Tanko, bakaniken da kowa ya yarda da shi a tasha. Aka ɗaure fambel, wato bel ɗin injin. Aka sauya batir. Aka kwance altaneta, na'urar da ke cajin batir, aka goge ta, aka mayar. Duk ranar da motar ta shiga garejin, lafiya lau take. Malam Tanko yakan zare kan batir injin yana aiki, injin bai mutu ba, sai ya ce, "Ka gani da idonka, Idi, caji take yi. Anya fitilar nan ba a cikin kanka take kunnuwa ba?" Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zaga tasha. Aka fara cewa mutanen ruwa ne suka sa masa ido. Iya da kanta ta turara motar da hayaƙi, ta rataya laya a madubi. Daga nan Kawu ya daina zancen fitilar. Ko an tambaye shi, sai ya ce ta daina.

A nan muryar Iya takan sauka, har sai mun kasa kunne. Wata ranar kasuwa, ya taso daga Baturiya da yamma, hadari ya haɗo. Tare da shi akwai Tabawa, wata dattijuwa mai sarin kifi, kuma daga bakinta aka ji sauran labarin. Tun kafin ruwa ya sauko idon ya buɗe, bai kuma rufe ba. Kawu ya kunna fitilun gaba don duhun hadari. Suka yi ta raguwa har suka koma kamar garwashi. Gab da magariba, a wani kwari inda ruwa ya shafe hanya, injin ya yi tari ya mutu.

Suna zaune, ruwa yana hawa tayoyi, sai Kawu ya nuna can nesa ya ce, "Baba Tabawa, ga fitilar masunta can. Bari in je in nemo masu turi." Ta duba ta ce ita ba ta ga komai ba. Ya ce, "Ke ma?" Ya naɗe wandonsa, ya sauka, ya shiga cikin ruwa da ciyawa. Ta ce ta daɗe tana jin tafiyarsa, sannan ta daina ji.

A nan Iya take tsayawa. Kullum sai ɗayanmu ya tambaya, "Daga nan fa, Iya?"

"Daga nan ban sani ba," takan ce. "Ku tashi ku kwanta."

Da gari ya waye wasu makiyaya suka iske Tabawa a saman buhunan kifi. Masunta suka bi fadama da kwalekwale kwana da kwanaki, ba gawa, ba takalmi. Aka jawo motar da shanu, ba a daɗe ba aka sayar da ita, domin Iya ta ce ba ta iya kallonta.

Da na tasa, aikin wayar mota na koya. Wata rana, bayan na buɗe nawa wurin, wani direba ya kawo mini a-kori-kura mai irin wannan ciwo, yana magana yana jin kunya, don wurare biyu sun sallame shi. Na shiga muka bi hanyar gargada har injin ya yi zafi. Fitilar ta kawo. Na tsaya kallonta kamar na ga wanda na sani. Na sauka na bi wayoyin bayan altaneta ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa, sai na iske ɗaya da ta karye a cikin robarta. Daga waje lafiyayya ce. In mota tana tsaye bakunan suna haɗe, in ta yi zafi tana tsalle sai su rabu.

Na yanko guntun wayar na kai wa Iya. Ta tsufa sosai a lokacin, idonta ya yi rauni. Na yi mata bayani, na ce mai yiwuwa abin da ya sami motar Kawu ke nan, ba mutanen ruwa ba. Ta juya wayar a tafin hannunta ta daɗe, sannan ta ce, "To, na ji ta motar. Fitilar da ya gani a cikin ruwa fa, ita ma waya ce?"

Har yau tambayar nan tana raina. Da ina yaro na ɗauka tana ba mu labarin ne don mu ji tsoron fadama. Sai da na yi furfura na gane cewa ba tsoro take koya mana ba. Ɗanta ya yi ta faɗin abin da yake gani, kowa ya ce babu, har ya koyi yin shiru. Shi ya sa duk wanda ya tsaya a ƙofar garejina ya ce, "Wani lokaci takan yi, wani lokaci ba ta yi," ba na ce masa lafiyarta lau. Ajiye abin da ke hannuna nake yi, in ce masa, "Mu je ka nuna mini inda take yi."