Shingen Awakin Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, amma duk ranar da na rubuta wa ɗalibaina wannan tambaya a allo sai ya faɗo mini a rai: lambobi biyu ne jimlarsu ashirin, waɗanne ne in aka ninka su da juna za su ba da adadi mafi girma? Amsar goma da goma ce. A shekarar farko ta jami'a na koye ta, na dawo hutu gidanmu na Ƙofar Ran kaina ya kumbura.

Baba yana da shingen awaki na waya a tsakar gida, tsawonsa taku goma sha shida, faɗinsa huɗu, siriri kamar lungu. Na zaunar da shi, na cika takarda da lissafin kalkulas, na nuna masa cewa da wannan wayar dai, in aka yi goma da goma, awaki za su sami fili ɗari maimakon sittin da huɗu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Malam ƙarami, gyara mu gani." Na kuwa tumɓuke turaku na gyara.

A lokacin mahaifiyarmu, Inna, ta shekara biyu a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Kwana uku da gyaran na kai mata kunu, ta ce, "Sani, an sayar da awakin ne? Na daina ganinsu." Sai a sannan na lura. Tsohon shingen ya miƙe ne har gindin tagarta, ta nan jar akuyarta ke leƙo kai ta karɓi dusa a hannunta mai lafiya.

Guduma Baba ya miƙo mini, muka mayar da turakun tare. Har yau ina jin kunyar wannan rana, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Yanzu ɗalibai a wayar hannu suke samun amsar kafin in ajiye alli. Da yana nan, na san dariya zai yi, ya tambaye su wa ke kwance a ɗakin.

Inna tana wurina a Gwallameji. Bara maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, kai da kake koyar da lissafi, wannan shinge naka ai ɓarnar waya ce." Na ce masa haka ne. Tsawonsa taku goma sha shida, kuma ya kai tagarta.