Yadda Gwamnati Ta Warkar da Kalilu

Ƙanena Kalilu mai haƙar rijiya ne. Daga ƙauyenmu na ƙasar Zango har zuwa Kongolam, da wuya ka sha ruwan rijiya uku ba ka sha tasa ba. Shekarar da aka koma kashe naira, bangon wata rijiya ya rufto masa a gadon baya. An zaro shi da rai, amma bayan bai ƙara komawa daidai ba. In damina ta kankama, sai ka ga ƙato yana cizon hannun riga.

Abin da ya riƙe shi wata farar ƙwaya ce da Malam Sada, mai kula da ɗakin shan magani na garinmu, yake ba shi ta wata guda. Da ita yake samun barci, da ita yake iya zama bakin rami yana nuna wa masu haƙa inda za su bi.

Sai kuɗin mai suka zo. Ma'aikata suka sha ƙarin albashin Udoji, kowa ya sayi babur, gwamnati kuma ta sami sukunin tausaya mana. Takarda ta zo daga Kaduna, wai ƙwayar nan tana kama mutum ya kasa bari, don haka kada a ƙara ba kowa sai likita ya gan shi a Daura, ya tabbatar ciwon ya kai. Na tambayi Malam Sada ko mai rubuta takardar ya taɓa ciwon baya. Ya ce bai sani ba, amma an ce kujerunsu na can duk masu katifa ne.

Muka hau mota. Tun daga gida na yi wa Kalilu huɗuba, na ce ya shiga a karkace, ya yi nishi, kada ya ɓoye komai. Ya ce to. Amma sai da ya sa rigarsa ta Sallah, wai ba a zuwa gaban hukuma da tsumma. Da aka kira sunansa, mutumin da na sauke daga mota kamar buhun gero ya miƙe sambal, ya tuɓe takalma a ƙofa, ya zube ƙasa ya kwashi gaisuwa, har da tambayar iyali. Likita ya tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Ya tashi bai dafa komai ba. Likita ya ga mutum ya durƙusa ya miƙe garau, ya ce a ba shi asfirin.

A bayan katanga na same shi kwance rub da ciki, gumi ya jiƙa rigar Sallah. Na tambaye shi wa ya aike shi.

"Yaya, so kike a ce ni ɗan Malam Dabo na tsaya ƙiƙam a kan babban mutum?"

Babban mutumin kuwa na yi jika da shi. Na koma ciki, masinja ya tare ƙofa, na bi ta ƙarƙashin hannunsa har gaban likita.

"Ɗana, ka ga shigowarsa. Taso ka ga fitarsa."

Allah ya yi masa albarka, ya taso. Ya tsuguna ya laluba bayan. Kalilu ya fara yunƙurin tashi ya sake gaishe shi, na danne shi da gwiwa.

Likita ya rubuta masa ƙwayar, amma ta kwana bakwai, kuma duk mako mai ciwon ne zai zo da kansa, ba a karɓar aike. Na ce ashe doka tana son marar lafiyar da ke da ƙarfin zuwa Daura sau huɗu a wata. Ya ce shi ma ya rubuta musu ƙorafi har sau biyu, ba su amsa ba.

Hanyarmu a lokacin rami ce da ɗan titi a tsakani. In Kalilu ya dawo sai ya yi kwana uku yana jinyar girgizar mota, ƙwayar ta ƙare a kan ciwon da karɓo ta ya jawo. Wata huɗu ya jure, sannan ya ce a bar shi a gida. Bayan Sallar layya Malam Sada ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce tunda ya daina zuwa an sa sunansa cikin waɗanda suka warke, har an yaba wa yankinmu.

Ya rayu shekara shida bayan warkewar tasa, a kan tabarma, wanzami na yi masa ƙaho. Ko sau ɗaya ban ji ya zagi gwamnati ba. Ni na riƙe masa wannan aikin.