Solfrid, Wa Zai Hana Ni Ɗumama Ruwan?

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, muna kan teku mun tattara kifi a raga za mu wanke musu ƙwarƙwata, aka bugo waya cewa Solfrid Kvernø ta rasu bayan gajeriyar jinya. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Solfrid, ke ce mai gidan ƙyanƙyasar kifin salmon a tsibirinmu na Frøya, ni kuma nake kiwonsu a keji cikin teku, kamfanin namu ne mu biyu. Faɗanmu ɗaya ne duk shekara. Ni ina so a ɗumama ruwan ƙwai su girma da wuri, ke kin kafe sai ruwan sanyi. Doguwar gardama ba ta dame ki ba. Sai ki hau jirgi daidai lokacin kofi, ki tsaga matattun kifin da na sayo suna ƙanana a wani gidan da ke ɗumama ruwa, ki jera mana zukatansu kusa da burodi, ki ce:

"To, Torleif, sarkin gaggawa, wannan zuciya ce ko dankali? Ta ƙwarai kusurwa uku gare ta. Ran da iskar shaƙa ta ja baya a ruwa, da wannan ƙullutun zai rayu?"

Shekarar da hakan ta faru, kifin suka yi ta birkicewa a matsatsin raga, ke kika fara isowa da takalmin roba. Kika wuni muna kwasar mushe, kika raba wa ma'aikatana miyar da kika kawo, ba ki yi mini gori ko sau ɗaya ba.

Mako mai zuwa sababbin ƙwai za su iso. Masu saye suna matsa mini, ma'aikatanki sun zuba mini ido. Na je gaban famfon ɗumama ruwan na dawo ya fi a ƙirga. Da kina nan, da na ce a ɗumama, ki hana, in yi ƙunƙuni in kwana lafiya. Yanzu duk abin da na faɗa shi za a yi, kuma tsoro nake ji.

Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Oddbjørn da 'yarki Ingunn, Allah ya ba su dangana. Ni kuma da aka bar wa ƙwan, Allah ya ara mini taurin kanki.