Ungozoma Cikin Niƙabin Aro: Daga Challawa Zuwa Bompai

Tashi daga Panshekara

Ina sallame sallar asuba na fice, gari bai waye ba, ko kajin gidan ba su sauko ba. Ban yi wa kowa sallama ba. Na ja ƙofa a hankali kamar wadda ta saci wani abu, ni Dije, wadda duk Panshekara in an ji takunta da asuba an san wata ce ke naƙuda.

Ku da kuka ji ana cewa an kama Inna Dije a Bompai, ku zauna ku ji daga bakina. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Maƙwabciyata Malama Binta ce ke rubutawa, na kuma ce kada ta gyara min ko kalma ɗaya.

Tun ina da ƙarfina nake yankan cibi. Na shiga ɗakin da uwar miji ba ta shiga, na ji abin da miji bai ji ba, amma ba a taɓa ɗaukar zancen wani gida a bakina an kai wani gida ba. Dukiyata ke nan. To yanzu mata sun koma asibiti, kirana ya yi ƙaranci, kayan miya kuwa kun san yadda suka koma. Ni kuma ba zan zauna ina jiran 'ya'ya su tuna da ni ba.

Ana nan sai Hajiya Rabi, 'yar wata aminiyata, mai aiki a wani ofis a cikin gari, ta zo da magana. Wani kamfanin sabulu da man girki yana da kanti a bakin masana'antunsa uku, masu shi suna son su san yadda yaransu ke karɓar mai saye in ba a kallonsu.

"Inna, ba wani abu ba ne," in ji ta. "Ku je ku sayi sabulu kamar kowa. Ku yi ƙorafin tsada, ku roƙi ragi, ku ga ko za a ba ku rasit. Wa zai zargi tsohuwa?"

Na ce ni fa ba na rubutu. Ta ciro wata 'yar waya, ta danna, ta sa a jakar yadi, ta rataya min a wuya kamar laya, ƙarƙashin riga. Ta ce wayar ce za ta riƙe duk abin da aka faɗa, ni dai kada in taɓa ta. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Tsorona ɗaya: rabin ma'aikatan kamfanonin nan a unguwarmu suke kwana. In aka ji Inna Dije na kai wa masu kamfani rahoto, wa zai ƙara buɗe baki a gabana? Shi ya sa na ari niƙabi, abin da ban taɓa sawa ba.

A bakin titi na ɗaura shi. 'Yan aikin safe na wucewa a kan kekuna, wasu da kwanon abinci a ɗaure a baya. Na san uwar kowannensu. Ba wanda ya gaishe ni. Ashe haka rashin gaisuwa yake da sanyi.

Challawa

Adaidaita sahu na shiga, mu huɗu a baya, ɗari uku-uku. Ba nisa, amma tun kafin mu isa warin jima ya tare mu, ya ratsa niƙabin kamar babu shi. Na sauka na zauna a bencin mai ƙosai har rana ta fito, jiniyar kamfani ta yi kuka, aka ɗaga ƙofar kanti.

Ina shiga na gane mai kantin. Ɗanjuma ne a bayan kanta, ɗan Asabe ta layin bayanmu. Da hannuna na karɓe shi, da ƙafa ya fito, sai da na hura masa iska kafin ya yi kuka. Na so in juya, amma ya riga ya gan ni.

"Sannu da zuwa, Mama. Me za a kawo?"

Na shaƙe murya kamar mai mura, na ce sabulun wanki, rabin katan. Ya faɗi kuɗi. Sai na yi abin da aka ce in yi. Na yi salati, na ce marayu nake riƙo, na ce ɗana ka duba tsufana. Baki ya saba da zance, har ni kaina na ji tausayin tsohuwar.

Yaron nan ya leƙa waje, ya dawo ya sunkuyo.

"Mama, wallahi masu kamfanin nan ba su san talaka ba. Mu ma da muke ciki sai wata ya yi nisa muke ganin albashi. Bari in ba ku a farashin 'yan sari, sai dai ba rasit. Don Allah kada ku faɗa wa kowa."

Ya ƙara min sabulu ɗaya gyara, ya ɗaure kayan da kansa, ya rako ni har bakin titi. Ya ce in sa shi a addu'a, matarsa ta kusa.

Sai da na zauna a mota na ji ɗumin wayar a ƙirjina. Nan na gane abin da na ɗauko. Ni na iya riƙe baki, ita fa? Na laluba ta ta saman riga, ban san inda ake kashe ta ba, ina kuma tsoron in danna wani wuri ta aika maganar nan take. Na ce a raina, da yamma zan zaunar da Rabi, in sa ta goge wannan wurin a gabana, ko ta riƙe kuɗinta.

Sharada

Ƙaramar bas ce ta kawo ni, ɗari biyar, kwandasta na ta faɗa da wani a kan canji. A hanya 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya ƙare mana kallo, idonsa ya daɗe a kaina. Na sunkuyar da kai har direba ya ja.

Sharada duk tireloli ne da ƙarar inji da ƙaurin roba. Da tambaya na gano kantin. Wata yarinya ce a ciki, da ƙumba ja, kanta a kan wayarta. Na yi sallama sau biyu.

"Me kike so?" ta ce, ba ta ɗago ba.

Na ce man girki, ƙaramar jarka, a yi min ragi.

"Baba, nan ba kasuwar ƙauye ba ce. In babu kuɗi ki matsa."

Jama'a, ni! Harshena ya taso har ya taɓo haƙora. Na san maganar da zan faɗa mata ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Amma in na saki muryata ta gaskiya, waye a Kumbotso bai santa ba? Ga 'yan dako a bakin ƙofa. Na haɗiye, na biya, ta cillo min rasit. Ita dai ba ta karya dokar kamfani ba. Wanda ya karya shi ne mai tausayin.

Na yi azahar a wata rumfa bayan masallacin ma'aikata. Na sayi ɗanwake na ɗari huɗu. Duk wadda ta iya cin ɗanwake a ƙarƙashin niƙabi, na sara mata. Yaji a hanci, mai a haɓa. Ban ci rabi ba na ture. Mai ɗanwaken ta ce, "Hajiya, lafiya? Ba ki ci ba." Na ce tsufa ne.

Bompai

Daga Sharada zuwa Bompai sai an ratsa gari. Adaidaita biyu na shiga, na canja a Ƙofar Nassarawa, da buhun kayana a cinya. Direba na biyu, mai surutu, ya ce, "Mama, Bompai wajen ina? Kamfani ko wajen 'yan sanda?" Na ce Allah ya raba ni da na biyun. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kantin nan a cikin harabar kamfani yake, sai an bi ta ƙofa. Na tarar da layi: 'yan sari, direbobin manyan motoci, ma'aikatan da ke shirin shiga aikin yamma. Maigadi, wani dogon mutumin Nijar, yana riƙe da 'yar baƙar sandar nan da ake shafa wa mutane. Rabi ba ta faɗa min wannan ba.

Ya duba buhuna. Ya kawo sandar wajen ƙirjina, ba tare da ya taɓa ni ba. Sai ta fara kuka, ƙit-ƙit-ƙit.

"Mama, me ke nan?"

Na tsaya ina tunanin da wace murya zan amsa.

"Mama, me ke cikin rigarku?"

Ya ja baya taku ɗaya. Wanda ke bayana ya ja biyu. Kun san Kano ba ta manta shekarun da ake tsoron mace mai lulluɓi a bakin ƙofa ba. Wani ya yi ihu, "Ku matsa!" Kafin in kifta ido layin ya watse. Mai rake ya bar baronsa, wata mata ta fizgi ɗanta, takalma a zube a ƙasa. Na tsinci kaina ni kaɗai a tsakiyar fili, rana a kaina, ba motsin kowa sai injin kamfani.

'Yan sanda biyu suka ɓullo daga bakin titi. Ɗaya ya durƙusa bayan wata mota ya saita ni. Na karɓi haihuwa cikin jini, na ga mace ta cika a hannuna, amma ban taɓa ganin ramin bakin bindiga yana kallona ba. Ɗan ƙarami ne, baƙi. Na fara kalmar shahada.

"Ɗaga hannu! Kada ki motsa!"

"Waya ce," na ce. Muryar murar nan ce ta fito, ko ni ban ji ta ba.

"Me kika ce?"

Nan na ga ba sauran ɓuya. Na buɗe maƙogwarona duka, muryar da nake cewa mai naƙuda ta yi nishi. "Na ce waya ce, ɗan nan! Ni ce Dije ungozoma ta Panshekara! Ka bar ni in buɗe fuskata!"

Da yatsa biyu na ɗage niƙabin. Daga can bayan wata tirela na ji, "La'ilaha illallahu! Ai Inna Dije ce! Ranka ya daɗe, kada ka harba, ita ta yanke wa 'ya'yana cibi!" Malam Iro ne, direba, maƙwabcin ɗana.

Aka sa na ciro jakar a hankali na ajiye a ƙasa. Ɗan sandan ya zazzage ta da bakin takalmi. Mutane suka fara dawowa, wasu na dariyar tsoron da suka ji. Na ɗauka an gama.

"Wannan ai magana take ɗauka," in ji ɗan sandan. "Maganar wa kike ɗauka, Baba?"

Manaja ya fito, mai farar riga da tabarau. Ya karɓi wayar, ya danna, ya ƙure ƙara. Na ce, "Alhaji, don girman Allah, ba a nan ba." Bai ji ni ba. Aka ji ƙarar adaidaita, ya tura gaba. Aka ji tsohuwa na roƙo da marayunta na ƙarya. Sannan muryar Ɗanjuma, tas, a gaban jama'a: masu kamfanin nan ba su san talaka ba. Har da don Allah kada ku faɗa wa kowa.

Ba wanda ya ƙara dariya.

Manaja ya kira lambar da ke cikin wayar, Rabi ta yi masa bayani. Nan da nan fuskarsa ta canja. Ya sallami 'yan sanda, ya sa aka kawo min kujera da lemo mai sanyi. "Hajiya, ai ke tamu ce, da kin faɗa tun farko. Kin yi aiki mai kyau." A gaban ma'aikata ya faɗa. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Na roƙe shi a kan yaron, na ce ni na matsa masa. Ya ce wannan maganar ofis ce, ya sa wayar a aljihu.

Komawa

Na nemi Malam Iro, don in da ne shi zai ɗauki buhuna ya sa ni a gaban mota har gida. Na hango shi ya sunkuya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Ban kira shi ba.

Mota uku na shiga kafin Panshekara, ban san nawa na biya ba. Niƙabin na cusa a buhu. Ana kiran magariba na sauka, ban nufi gidana ba, na miƙe gidan Asabe. Gara ta ji daga gare ni.

Labari ya riga ni. Daga zaure nake jin muryoyin mata, ina yin sallama suka ɗauke. Matar Ɗanjuma na zaune a kan tabarma da cikinta, ta sunkuyar da kai. An riga an kira shi an ce ya miƙa makulli, ya jira a neme shi.

Asabe ta taso. Ba ta zage ni ba. Ta shimfiɗa min tabarma yadda ta saba, ta kawo ruwa a kofi, ta durƙusa. Na buɗe baki zan fara, ta ɗaga hannu.

"Inna, ku yi haƙuri. Kafin mu gaisa, abin yana jikinku?"

A gidan nan na yanke cibi biyar. Na miƙe tsaye, na cire hijabina, na kakkaɓe shi a gabansu, na juya musu wuyan rigata. Suka duba. Da gaske suka duba. Sannan Asabe ta ce, "Ina wuni, Inna." Na faɗi abin da ya kawo ni, suka saurara har ƙarshe. Da na tambayi yarinyar yaya jikin, uwar mijinta ce ta amsa: da sauƙi, asibiti za su je.

Bayan isha na shiga ɗakina. Na gode wa Allah da ya dawo da ni da raina, harsashi bai taɓa ni ba. Na gode wa Malam Iro da ya kira sunana lokacin da kiran ke da amfani. Na gode wa Malama Binta da ta rubuta, ko da yake na lura, tun da muka zauna, ba ta ba ni labarin gidanta ko ɗaya ba.