Bargon da Wuta Ba Ta Ci

Yayana ya dawo ƙauyenmu Zakka daga yaƙin Turawa da lambar tagulla da bargo ɗaya a akwati. An ce ya yi zaman teku, amma tekun bai gan ta sosai ba. A ƙasan jirgin sojan ruwa ya yi shekarunsa, a ɗakin inji, inda ake tura baƙar fata don wai mu zafi bai dame mu ba. Aikinsa ya ɓamɓare farin abin da ake naɗe bututun inji da shi, ya kwaɓa sabo ya shafa. Ya ce in sun tashi aiki fari fat suke fitowa, Baturen da ke duba su yana can bakin matakala da hankici a hanci.

Bargon ma da wannan abin aka saƙa shi, na kashe gobara ne. Ran kasuwar Safana ya shimfiɗa shi a kan garwashin wani mai tsire, ya ɗauke, ko baƙi bai yi ba. Ya yi bayani cewa aikin masaƙa ne, amma bayani ba ya cin kasuwa a wajenmu. Kafin kaka an gama yanke hukunci: aljanun ruwa ne suka ba shi. Manoma suka riƙa zuwa tun daga Darini da kaza a hannu, a yanka musu ƙyalle su soke a jinkar rumbu. Mata na ɗinke zarensa a laya su rataya wa jarirai. Wani mahauci kuwa karkaɗe nasa ƙyallen yake a kan fura ya shanye, wai ko wutar lahira ta yi masa sauƙi.

Shekaru suka ja. Ina aiki a gidan rediyo aka aiko mini cewa tari ya kama shi. Na zo na tarar da mutumin da ke ɗaukar damin gero da hannu ɗaya ba ya iya kai ƙarshen kunya ɗaya a gona sai ya tsuguna. Na kai shi asibiti. Likita Bature ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, bai tambayi aikin da ya yi ba, ya ce ya bar shan taba. Yayana bai taɓa sa taba a baki ba.

A layin karɓar magani ya gamu da wani da suka yi ɗakin inji tare, shi ma da irin tarinsa. Mutumin ya lissafa masa abokan aikinsu da aka riga aka binne. A mota yayana ya ce mini, "Ƙanena, farar ƙurar nan ce. Ba na son ta a ɗakin da 'ya'yana ke kwana."

Ya sake faɗin haka a ƙofar masallaci, yana tsayawa ya ja numfashi. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya yi dariya.

"Ɗana, in rowa ce ka ce rowa ce. Bargo ne zai sa mutum tari?"

"Baffa, shi ke kashe ni."

"To ba ni shi ya kashe ni. Ni na gaji da gobara."

Matar yayana ta jefa bargon a murhu. Da wuta ta mutu ya fito ya fi da haske, labari ya bazu, masu kaza suka ƙaru. Yayana ya dube ta ya ce, "Har da ke? Ai abin da aka yi shi dominsa ke nan."

Sai bayan shekaru na ci karo da sunan abin, asbesto, a cikin labaran da nake fassarawa. A nan na gane cewa masu jirgin sun daɗe da sanin halinsa. Hankicin Baturen nan ba na ado ba ne.

A wancan lokacin dai, abin da ya saura na bargon na cusa a buhu, na ɗaure a bayan keke, na binne shi a gindin wani dutse a hanyar Batsari. Na cikin layu da na rumbuna ban iya karɓo ko zare ɗaya ba. Wata ma cewa ta yi boko ya ci mini imani.

Da na dawo yana kwance a zaure.

"Ka yi rami mai zurfi?"

"Har ƙuguna, Yaya."

"Ba wanda ya biyo ka?"

"Babu."

Ya sa aka share ɗakin yaran aka yayyafa ruwa. Bai ga kakar wannan shekarar ba.