Littafin Sanyi da Malam Sabi'u Ya Bari a Buɗe

Yau shekara biyar ke nan da muka yi wa Malam Sabi'u sallah muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Al Qusais da ke Dubai, nesa da Kano inda aka yanke masa cibi. Ni ba marubuci ba ne. Sana'ata sayen tsofaffin firji da iyakwandishan a Dubai, in sa a gyara, in cika kwantena in tura gida. Amma mun yi shekara huɗu a falat ɗaya a unguwar Al Nahda kafin ya kawo iyalinsa, kuma ni ya bar wa wasiyya, don haka akwai abin da na sani game da shi wanda ɗalibansa ba su sani ba.

Malamin gyaran kayan sanyi ne a nan Dubai, a wata ƙaramar kwalejin koyon sana'a ta shekara biyu, irin wadda direba ko ɗan dako ke shiga da yamma don ya sauya aiki. Kafin nan ya koyar a irinta a gida, ya baro ta ne saboda handawut, takardun darasi da wasu malamai kan tilasta wa ɗalibi ya saya in yana son cin jarrabawa. Shi kyauta yake raba nasa, abokan aiki suka ce yana ɓata musu kasuwa. Da ya zauna a Dubai sai ya ɗauki aniyar rubuta cikakken littafi da Hausa a kan gyaran firji da iyakwandishan, don kwalejojin gida.

Ranar da ya nuna mini shafin farko, sai da na karanta sau biyu. An rubuta cewa kowa na iya kwafar littafin, ya buga, ya fassara, ya gyara, har ya sayar, bisa sharaɗi biyu: ya ambaci wanda ya rubuta, kuma duk abin da ya ƙara ya bar shi a buɗe ga na baya. Buɗaɗɗen lasisi ake kiransa. Na ce, "Malam, wannan ai shago ne babu ƙofa." Ya ce, "Da ƙofarsa, Alhaji. Mukullin ne na rataye a waje." Na ce masa in da haka nake kasuwanci da tuni ina wankin mota a Sharjah. Ya yi dariya ya ce shi ya sa bai ba ni ajiyar littafin ba.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka sakaci ne. Ni da na ga aikin na san ban taɓa haɗuwa da mai tsantseni a kan haƙƙin wani kamarsa ba. Takardar ɗaukarsa aiki ta ce duk abin da ya rubuta don koyarwa mallakar kwaleji ne. Bai ce ai da Hausa ne, wa zai gane ba. Ya yi wata bakwai yana zirga-zirga a ofisoshi, yau a ce masa inshallah, gobe a ce shwaiya shwaiya, wato a bi sannu, har ya samu rubutacciyar shaida cewa littafin nasa ne.

Sai maganar hotuna. Na tara masa littattafan tallar kamfanoni masu hotuna tsaf-tsaf, na ce ya ɗiba. Ya ce, "Na wasu ne. Ba zan yi sadaka da akuyar maƙwabci ba." Shi ya sa duk Juma'a bayan an sauko masallaci yake zuwa sitona, a cikin zafin da ko ƙarfe ba ya taɓuwa, ya zaɓi firji ya warware shi gunduwa-gunduwa a kan farin zani, ya ɗauki hoton kowane ɓangare da kansa. Ya yanka mini kwamfuresa, wato injin firji, lafiyayyu har uku don a ga cikinsu. Na yi ƙorafi, kuma zan sake yi in yau ne, amma ban taɓa hana shi mukullin sito ba.

Ya saki babi takwas, huɗu na nan a kwamfutarsa, sai ciwon zuciya ya ɗauke shi cikin kwana biyu. Bizar iyalinsa a kan tasa take, don haka ba a jima ba Hajiya Rabi, matarsa, ta koma Kano da yara uku. Bayan arba'in wani mai maɗaba'a ya neme ni, tunda ni ke riƙe da wasiyya. Ya san babi takwas ɗin nan sun fita, kuma izinin da aka bayar ba ya janyuwa, magana zarar bunu ce. Babi huɗun da suka rage yake so, a sayar masa shi kaɗai, ya rufe su, ya bi hanyarsa a wajabta wa ɗalibai sayen cikakken littafin daga wurinsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: na yarda da shi. Na hau jirgi na je Kano musamman don in shawo kan Hajiya. Na zauna a zaure na yi mata bayanin haƙƙin marayu da kuɗin makaranta, irin bayanin da nake yi wa mai jinkirin sayen kaya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Alhaji, ka buɗe babi huɗun? Me ke shafinsu na farko?" Na ce wannan izinin ne dai, ya riga ya sa a kowanne. Ta ce, "To ai mai abu ya gama magana. Kada a ce rijiya ta bayar, guga ya hana." Na ce yaran fa? Ta ce, "Takardar ta ce kowa na iya bugawa ya sayar. Kai ba kowa ba ne? Ko kasuwancin naka sai an ɗaure wa sauran 'yan kasuwa hannu?"

Wannan ta shige ni fiye da wa'azi. Duk da haka ban saki komai ba sai da na kai maganar gaban malamin da ya raba gadon, ya duba shafin izinin, ya ce abin da mamaci ya bayar da ransa da lafiyarsa a bar shi yadda ya bayar. Muka saki babi huɗun. Ni kuma na buga littafin a nan Dubai a kan takarda mai kauri wadda hannu mai baƙin mai ba ya yagawa, ina cusa katan-katan a saƙon firji cikin kowace kwantena, ribar tana zuwa ga yaran. Mai maɗaba'ar ma ya buga nasa mai araha, babu mai ikon hana shi. Ba zan yi ƙarya ba, da an sayar masa, da abin da yaran suka samu a shekarar farko ya fi haka. Amma suna makaranta, kuma babu ɗalibin da aka tsare a ƙofar aji don bai sayi littafin ubansu ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga bara, lokacin da korona ta rufe makarantu, littattafai masu tsada suka kwana a ɗakunan karatu a kulle, nasa kuwa yana yawo daga waya zuwa waya. Wani malami a Maraɗi ya ƙara sunayen kayan aiki da Faransanci. Wani kuma a wata kwaleji ya goge sunan Malam ya sa nasa yana sayar wa ɗalibai. Na san Malam da wasiƙa mai ladabi zai rubuta masa, ya tuna masa sharaɗi. Ni waya na buga, kuma abin da na faɗa ba na jarida ba ne. Sunan ya koma.

Watan jiya aka turo mini sabon bugu. Sunan Malam Sabi'u na sama, ƙarƙashinsa sunaye biyar da ban san ko ɗaya ba. Ɗaya malama ce da ta ƙara babi a kan firji mai aiki da hasken rana, abin da bai kai ga rubutawa ba. A babi na goma kuma ta rubuta cewa marubucin farko ya yi kuskure a yadda ake auna iskar gas a irin sababbin injuna, ga daidai. Raina ya ɓaci, na ɗauki littafin na nufi sito na sa makanikena ya gwada a gabana. Ita ke da gaskiya. Da mun rufe littafin, da kuskuren na nan ana koya wa yara shi da sunansa har abada. Na bar tsohon bugun da ya rage a sito, na aika a buga nata.

Allah Ya jiƙan Malam Sabi'u, Ya sa ladan kowane shafi ya riske shi, har da wanda aka gyara masa.